Gora na Uku

A aji huɗu, lakwal ta Gamkalle,
Mushe Alzuma ya zana ƙwallo bisa allo,
rabi a sarari, rabi cikin shuɗin alli,
ya ce da nasaranci sunansa buwe.
Ni kunnena ɓoye ya ji.
Na ɗaga hannu: mushe, me yake ɓoyewa?
Aji ya fashe da dariya.
Ya ce aikinsa nuni ne, ba ɓoyo ba,
zauna.

Da la'asar na kai wa baba kalmar bakin gulbi,
na iske shi yana ɗinkin koma.
Bai ɗago ba.
Da leɓe ya nuna tsakiyar ruwa,
inda bido uku masu ruwan ɗorawa
ke gyaɗa kai kamar tsofaffi bayan tuwo.
Ya ce, mu gora muke cewa.
Na duma kakanka ya ɗaura,
roba ta zo ta kori duma,
ba ta iya korar sunan ba.

Na farko, mamari ne ƙarƙashinsa, ƙugiya ɗari.
Na biyu dutse ne,
wanda ya tsaga jirgin Tankari shekarar da aka haife ka.
Na uku bai faɗa ba.
Sai da na yi gemu inna ta gaya mini,
tana tsince shinkafa, ba ta dube ni ba:
nan Gado ya nitse,
wan da ban taɓa gani ba,
kuma kowace shekara kafin ruwan Mali ya iso
babanka na sake igiyar.

Ashe ni da mushe babu wanda ya yi kuskure.

Yanzu a buro nake, na ga kalmar ta hau tudu.
Ashirin ga wata Salifu kan leƙo:
kai ne buwena, ranta mini jikka biyar.
Rediyo ma haka take kiran buhun shinkafar agaji.
Su abin cafka suke nufi,
wanda mai nitso ke runguma ya manta da shi a gaɓa.
Baba abin ɗaurewa yake nufi.

Shekarar da gulbi ya shigo gari cikin dare,
katangu suka narke kamar sukari,
unguwa ta watse, wasu masallaci, wasu lakwal, wasu Harobanda,
gwaggo Barira ta aza kaskonta bisa tudu,
daidai inda ƙofarta take jiya,
ta hura wuta da karan da bai bushe ba.
Kifi kaɗan ta sayar.
Amma duk mai cigiyar ɗa ko akuya
sai a ce, je wurin Barira.
Kwana sha tara hayaƙinta bai gusa ba.

Na kan tsaya bisa gada in dubi kainuwa,
dashen Allah, kore shar, ba ta da bashin kowa,
yau Gudel, jibi Gaya.
Har na kan yi mata ƙyashi.
Gora kuwa tafiyarsa tsawon igiya ce,
ya je, ya dawo, ya je,
ruwan ƙasashe na wuce shi,
rana na cin launinsa.
Wanda ya gan shi yana rawa sai ya ce ba shi da nauyi.
Nauyin na ƙasa.

Baba ya rasu da azumin bara.
An sayar da jirgi, an raba koma,
mamari wani ya ɗauka.
Jiya na sayi igiya gaba shida a kasuwar Katako,
na biya wani yaro ya tuƙa ni.
Tsohuwar duk gansakuka, santsi kamar yauƙi,
na ja kaɗan, na ji dutsen ya amsa,
ban ƙara ba.
Ƙullin da na yi ba irin na baba ba ne,
hannun biro ne, sai da na yi uku.

Yaron ya ce, akwai kifi a nan?
Na ce babu.
Ya ce, to na mene ne?
Na ce juya mu, magariba ta yi.